Ƙafar Kakanka Daban, Taka Daban

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin ofis ne a Kaduna, shekarata 44, nauyina kilo 93. Wata huɗu ke nan da likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage tumbi. Sai na fara fita bayan sallar Asuba ina zagaya Dandalin Murtala, da farko tafiya, daga baya sassarfa. Yanzu nakan yi kamar kilomita 5, kwana shida a mako. Matsalata gwiwar dama, ta fara damuna. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya ce kambas ɗina mai tudun soso ne ke kashe mini ita. Ya turo mini hoton wani takalmi marar tudu, ƙasansa siriri kamar fatar ganga, har da gidan kowane yatsa daban, ya ce in aika da kuɗi da lambar ƙafata. Hujjarsa ita ce kakanninmu da ƙafa suke zuwa fatauci Gwanja, kuma ba su san ciwon gwiwa ba. Kuɗin ya kusa rabin albashina. Abokan fitata dariya suke yi mini, wai in dai wannan ne ai gara in sa silifa. Uwargida tana da ciwon suga, ita ma tana son mu riƙa fita tare, ta ce a haɗo da nata. In saya? In zan saya, wane iri?

Wani mai karatu daga Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya ba uwargida sauƙi.

Da maganarta zan fara, don ita ce ba ta jira. Kada a haɗo da nata. Ciwon suga idan ya daɗe yakan ci jijiyoyin ƙafa a hankali, har mutum ya taka ƙusa ya yini da ita bai sani ba, sai dare ya yi ya ga jini a safa. Ga shi rauni a ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa, kuma yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda wannan ciwo daga ɗan gyambon da aka raina suke farawa. Takalmin da duk tallarsa ita ce za ka ji ƙasa, ba na wadda ciwo ke neman ƙwace mata jin ƙasar ba ne. Abin da ya dace da ita rufaffen takalmi mai faɗin gaba, mai taushin ciki, marar ɗinkin da ke gurzar fata, da safa mai tsabta. Ta zazzage shi kafin ta sa, ta kuma duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare. In kun koma asibiti ku roƙa a gwada jin ƙafarta. Gwaji ne na 'yan mintuna, da wani ɗan zare mai kama da na fatsa ake taɓa tafin ƙafa da shi. Fita kuwa ku fita tare, tafiyar ma magani ce a gare ta.

To, kai. Kana iya saya, amma ba wanda aka turo maka hotonsa ba, ba don gudu ba tukuna, kuma ba da rabin albashi ba.

Ɗan naka bai yi maka ƙarya ba, rabin labari ya ba ka. Gaskiya ne fatake sun yi ta tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, a Ghana ta yau, sayen goro, tafiyar watanni, wasu da fade, wasu ƙafa tsirara. Amma waɗannan ƙafafu tun daga rarrafe suke taka ƙasa. Kanta ta zauna musu, yatsu sun baje, agara ta yi ƙarfi kamar tsirkiyar baka. Kuma tafiya suke yi a bayan jakuna, a kan rairayi da burtali, su yada zango su huta. Ba wanda ya taɓa jin madugu ya tashi ayari da sassarfa a kan kwalta. Batun ba su san ciwon gwiwa ba kuwa, wa ya tambaye su? Tsoho da sanda ba yau aka fara ganinsa ba. Kai kuma shekara ashirin ka yi daga sau-ciki zuwa mota, daga mota zuwa kujera, kana ɗauke da kilo 93. Jinin ɗaya ne, ƙafar ba ɗaya ba ce.

Sai dai akwai inda ka fi Baturen da aka ƙera wa takalmin. Sau biyar a rana kake tuɓe takalmi. Kana sujada, yatsunka suna lanƙwasa. Kana zama a tabarma, a gida kana yawo ƙafa ba komai ko da silifa. Mutumin da ke sa takalmi daga tashinsa barci har kwanciyarsa bai da wannan. Don haka ba daga sifili za ka fara ba, kuma shi ya sa ban ce maka a'a kai tsaye ba.

Wannan yayi yana da tarihi, kuma gara ka san shi kafin kuɗinka ya fita. Duk mai tallar irin takalman nan sai ya ambaci Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun yada-ƙanin-wani na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Abin da ba su cika ƙarasawa ba shi ne, bayan shekara huɗu ya sake cin gasar a Tokyo, wannan karon da takalmi, cikin awa 2 da minti 12. Sai kuma mutanen Raramuri na tsaunukan arewacin Meziko, waɗanda ke gudun nisa da takalmin da suke yanka daga tsohuwar taya su ɗaure da igiyar fata. A 2017 wata budurwarsu, Lorena Ramirez, mai kiwon awaki da shanu, ta ci gudun kilomita 50 a jihar Puebla sanye da siket da irin wannan takalmi. Ranar da na ga hotonta na yi dariya ni kaɗai, don takalmin nan ba shi da maraba da wanda makiyaya ke saye a kasuwar ƙauye ranar kasuwa. Abin da muka tashi muna jin kunyar sa wa zuwa makaranta, shi aka gyara wa fuska ake sayarwa dala 100 ko fiye.

A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya ƙara wa wutar fetur. Sun duba masu gudu a Kenya da Amurka, suka ga waɗanda suka tashi ba takalmi sun fi sauka a kan gaban tafin ƙafa, ba a kan dunduniya ba, kuma wannan sauka ba ta girgiza jiki da dukan farko mai ƙarfi. Nan fa kasuwa ta buɗe, kowane kamfani ya fito da nasa. Amma a 2013 wasu masu bincike suka je arewacin Kenya wajen mutanen Daasanach, su ma ba takalmi suka tashi, aka tarar mafi yawansu a kan dunduniya suke sauka idan suna gudu a hankali. Wato ko a cikin marasa takalmi babu taku guda da za a ce shi ne na asali. A shekarar dai, a Jami'ar Brigham Young ta Amurka, aka ba mutum 19 da suka saba gudu takalmin nan mai gidan yatsu, aka ce su koma masa sannu a hankali cikin mako 10. Da aka duba ƙafafunsu da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, 10 daga cikinsu an ga kumburi a ɓargon ƙashin ƙafa, alamar ƙashi na shan wahala fiye da yadda yake iya gyara kansa. A 2014 kamfanin Vibram, mai yin wannan takalmi, ya yarda ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da masu saye suka shigar, cewa ya yi musu alkawarin ƙarfin ƙafa da raguwar rauni ba tare da hujja ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda ya janye waɗannan alkawura daga tallarsa.

Binciken da ya fi shafarka shi ne na Ostareliya, a 2017. An bi masu gudu 61 tsawon mako 26, wasu da takalmi marar tudu, wasu da na kullum. Abin da ya fito shi ne nauyin jiki na da ruwa da tsaki a maganar. Daga wajen kilo 71 zuwa sama haɗarin jin rauni da marar tudu ya fara ƙaruwa, a wajen kilo 86 ya kai ninki biyu. Ka tuna abin da sikeli ya gaya maka.

Kada ka ce na zo ɓata wa takalmin suna. Yana da amfani na gaske, amma a tafiya aka fi ganinsa. Masu binciken Brigham Young ɗin nan sun sake wani gwaji da ya fito a 2019, inda suka ga tafiya kawai da takalmi marar tudu na mako 8 ta ƙarfafa naman tafin ƙafa kusan daidai da atisayen da aka tsara don hakan. Wani da aka yi a Jami'ar Liverpool a 2021 ya ga ƙarfin yatsun ƙafa ya ƙaru da fiye da rabi bayan wata shida ana harkokin yau da kullum da shi, ba gudu ba. Ƙafa tana da ƙashi 26, da gaɓoɓi da jijiyoyi jingim, kuma kamar kowace gaɓa, in an ba ta aiki tana ƙarfi, in an ɗaure ta tana lalaci. Har nan ɗan naka yana kan gaskiya.

Maganar gwiwa kuma ga yadda take. Takalmi ba ya ɗauke nauyi, wurin zamansa kawai yake sauya masa, kamar mai talla da ta sauke tire daga ka ta riƙe a kafaɗa. Mai tudun dunduniya yana sa mutum ya miƙa ƙafa gaba ya sauka a kan dunduniya, gwiwa ta karɓi kaso babba. Marar tudu yakan sa taku ya gajarta, gwiwa ta ɗan huta, amma kayan su koma kan sharaɓa, da agara, da siraran ƙasusuwan nan biyar da ke bayan yatsu. Mai yiwuwa ne gwiwarka ta ji sauƙi. Mai yiwuwa ne kuma ka sayar da ciwon gwiwa ka sayo tsagewar ƙashi.

Ni na saya. Shekaru da dama da suka wuce, lokacin da yayin ke tashe, wani aboki ya dawo daga tafiya ya kawo mini irin takalmin. Washegari na sa shi na yi kilomita 8 da na saba yi, ina jin kaina kamar barewa, ba nauyi, kowace tsakuwa ina jin ta tana gaishe ni. Na dawo ina ba mutanen gida labari. Kwana biyu bayan nan da baya-baya nake sauka daga bene, ina dafe da bango, sharaɓata kamar an cusa duwatsu. Ruku'u ma da dabara nake yin sa. Maimakon in ji abin da jiki ke faɗa, sai na ce ai sabo ne, zai wuce. Ya wuce kuwa, sai wani ya maye gurbinsa a mako na uku: wani ɗan wuri a bayan ƙafata ta hagu, sama da yatsa na biyu, wanda in na danna da ɗan yatsa sai na ɗauke wuta. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, wanda aka sake daga baya ne ya nuna tsagar. Kusan wata biyu ban yi gudu ba. Takalmin yana nan har yau, da shi nake zuwa kasuwa, kuma ina jin daɗinsa. Ba shi ya yi mini laifi ba.

Yanzu ga zaɓen. Masu bincike a Kanada, tare da masana daga ƙasashe daban-daban, sun fito a 2015 da ma'aunin da ake gane takalmi marar tudu da shi, abu biyar suka duba: nauyinsa, lanƙwasuwarsa, kaurin ƙasansa, bambancin tudu tsakanin dunduniya da yatsu, da kuma ko an sa masa abubuwan da ke tallafe ƙafa su hana ta motsi. Masu talla sukan haɗa maka su duka a dunƙule, kamar dole ne ka karɓa gaba ɗaya. Ba dole ba ne. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, kuma wanda na fi so ka fara da shi ma ba ya cikin lissafin nasu, wato faɗin gaba.

Yawancinmu ƙafarmu mai faɗi ce, don ba a matse ta tun muna yara ba, kuma yawancin kambas ɗin da ke zube a gwanjo masu tsinin baki ne. Ga gwajin da ba ya ƙarya. Zaro shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa, ka taka ta da dukkan nauyinka, ka dubi yatsunka. In ƙaramin yatsa ya zubo waje, ko babban ya leƙa gefe, mayar wa mai kaya abinsa, ko da ya rantse maka zai buɗe. Ya zama akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za ka riƙa sa wa. Faɗin gaba ba ya jawo wa kowa rauni, yau ka samu yau ka fara mora.

Na biyu gangaren takalmi, wato yadda dunduniya ta ɗara yatsu tudu. Kambas na gudu da aka saba yakan kai milimita 8 zuwa 12. Marar tudu daga sifili ne zuwa 4. Ka ga abu ne da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, amma agarar da ta shekara ashirin a ɗage ba ta ɗaukarsa da wasa, don duk taku sai ta miƙe fiye da yadda ta saba. Na uku, wanda ya kamata ya zo ƙarshe, shi ne siririn ƙasa. Akwai takalman da suka tsaya a tsakiya: gabansu da faɗi, ba gangare, amma da soso daidai gwargwado. Kamfanin Altra da irin wannan ya yi suna. In har gudu kake son yi da sabon takalmi a wannan nauyi naka, a wannan layin za ka duba, ko ma wanda ke da gangaren milimita 4 zuwa 6. Masu siririn ƙasa sosai, irin na Vivobarefoot, da Xero, da Vapor Glove na Merrell, ka bar su ga tafiya.

In ka riƙe takalmi a hannu, naɗe shi daga baki zuwa dunduniya, sannan ka murɗa shi kamar mai matse wanki. Marar tudu na gaske yana bin hannu. Wanda ya ƙi lanƙwasa sai a tsakiya, ko ya tsaya ƙiƙam kamar katako, suna kawai ya ara. Ka kifa shi ka dubi robar ƙasan. Hanyoyinmu ba filin ciyawar Turai ba ne. Akwai tsidau, akwai ƙaya, akwai fasasshiyar kwalba da ƙusar da kafinta ya yar, ga kwalta a watan Afrilu da in rana ta take sai ta gasa tafin ƙafa ta cikin roba. Siririn da bai kai milimita 5 ba, ni ba zan fita unguwa da shi ba. Wajen 6 zuwa 10 na roba mai tauri ya fi mini kwanciyar rai.

Mai gidan yatsun nan kuwa, ka haƙura da shi. Sai yatsunka sun yi daidai da tsawon gidajen da aka yanka musu, in na biyu ya fi babban tsawo ka shiga uku. Ba ya karɓar safa sai tasa ta musamman. Sa shi aiki ne, yatsa bayan yatsa, ka kwatanta kanka a ƙofar masallaci an idar da salla mutane na son wucewa kana lallashin ƙaramin yatsa ya shiga ɗakinsa. Fa'idarsa ɗaya da na sani, ɓarawon takalmi ba zai kalle shi ba.

Abokan fitarka da suka ce ka sa silifa sun kusa gaskiya, amma sun kauce. Silifa ba ta da abin riƙe dunduniya, don haka duk taku sai yatsu sun ƙanƙame ta kada ta fice. Wannan ƙanƙamewa kishiyar abin da ake nema ce, wato yatsu su saki jiki su baje. In sandal ne, ya zama mai maɗauri a dunduniya. Mai gyaran takalmin unguwarku zai iya yanka maka na taya daidai zanen ƙafarka, ya sa masa maɗauri gaba da baya, a kan kuɗin da bai kai na safar wancan ba. Ka ce ya fere tayar ta yi siriri, ya kuma bar ta a shimfiɗe, kada ya ƙara mata dunduniya. Farin kambas irin na 'yan bautar ƙasa ma shimfiɗaɗɗe ne, yana lanƙwasa, aibinsa matsin baki. Da ɗayan waɗannan za ka gwada ko ƙafarka na son wannan rayuwa kafin ka taɓa albashi. In ka leƙa Kasuwar Barci ma kana iya dacewa, don Turawa da yawa sun saya da zumuɗi sun sa sau biyu sun ji abin da na ji, takalman suka biyo dila. Marar tudu na gwanjo ya fi mai soso na gwanjo aminci, tunda babu soson da zai mutu a ciki ba ka sani ba. Ka dai duba gam bai saki ba, roba ba ta tsage ba, dunduniya ba ta cinye gefe guda ba.

In duk da haka ka fi son na Ingila, ka sani zuwa da kai ya fi aike, ballantana a takalmi. Kada ka aika masa da lamba kawai. Lamba 43 ta Turai ita ce wajen 9 a Ingila, kuma kowane kamfani da yadda yake yanka tasa. Ka taka kwali da yamma, a tsaye, wani ya zana maka kowace ƙafa da biro a miƙe, ka auna tsawo da faɗi da santimita, ka tura masa na wadda ta fi girma. Ya saya a inda ake karɓar mayarwa.

Yadda za ka shiga cikinsa ya fi wanda ka saya muhimmanci. Numfashi yakan saba cikin makonni, nama ya biyo baya, amma agara da ƙashi watanni suke ɗauka, kuma su ba sa yin ƙara sai aikin gama ya gama. Wata biyun farko tafiya kawai. Fara da rabin awa a rana, zuwa masallaci, zuwa shago, zagayen gida. Kowane mako ka ɗan ƙara. Gudunka kuwa ka ci gaba da yin sa da kambas mai soso. Kana goge baki da asuwaki, ka tsaya a ƙafa ɗaya, minti ɗaya nan, minti ɗaya can. Ka taka bakin dakali ko matakalar bene da gaban ƙafa, ka ɗaga dunduniya sama, ka sauke ta a hankali har ta wuce bakin, sau goma zuwa goma sha biyar, kwana uku a mako. Kana zaune a ofis, zare ƙafa daga sau-ciki ka gwada ɗaga babban yatsa shi kaɗai sauran na ƙasa, sannan ka juya. Ranar farko za ka ga kamar ba yatsunka ba ne, ba sa jin magana.

Bayan wata biyu, in ba inda ke ciwo, kuma sikeli ya fara sauka, sai ka ɗanɗana gudu da shi: minti biyar a ƙarshen fitarka, a kan ƙasa ko ciyawa, kwana biyu a mako ba a jere ba. Kada ka ɗage dunduniya kana gudu da sanɗa kamar mai shiga ɗakin mai barci, kuskuren da ya fi kashe sharaɓa ke nan. Ka gajarta taku, ƙafa ta sauka ƙarƙashin jikinka ba can gaba ba, dunduniya ta taɓa ƙasa a hankali. Kunnenka ne malaminka a nan. In kana jin fat-fat-fat kamar ana bugun shanya, ka rage tsawon takun har ƙarar ta lafa. Tsamin sharaɓa na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma abu uku in ka ji su, ajiye takalmin: ciwo a bayan ƙafa wanda za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, zafin dunduniya a takun farko da ka sauko daga gado, da agarar da ta ƙage ko ta kumbura da safe. Na farkon nan asibiti ake kai shi, ba wajen mai ɗori ba, kuma in hoton farko bai nuna komai ba alhali ciwon na nan, ka koma.

Akwai abin da na bari sai yanzu, don na san ba shi kake son ji ba. Ina kyautata zaton ba takalmi ne ya taɓa maka gwiwa ba. Mutumin da wata huɗu da suka wuce ba ya ko zagaya gida, yau yana kilomita 30 a mako, hutunsa kwana ɗaya tak, ko da takalmin zinariya yake gudu gwiwa sai ta yi magana. Mayar da sassarfar kwana uku a mako, da kwana guda a tsakani, sauran ranakun ku yi tafiya kai da uwargida. Hawan jini bai damu da ko gudu ka yi ko tafiya mai sauri ba, shi dai a motsa a kai a kai. Ka ba wannan mako uku ka gani. In kambas ɗin da kake sa wa gwanjo ne tun asali, ko ya karkace in ka ajiye shi a kan tebur, sauya shi ya fi gaggawa a kan sayen marar tudu. In kuwa gwiwar na kumbura, ko tana ƙagewa, ko tana sakinka kana tafiya, ko tana tashe ka cikin dare, wannan ya wuce shawarar jarida, likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti za ka gani kafin ka sake zagaya dandalin.

Ɗan naka kuma ka yi masa godiya, ya yi tunaninka daga nesa. Ka ce ya dakata zuwa hutun da zai zo gida, lokacin ka gwada na taya ka san inda ƙafarka ta dosa. In ka sake rubuto mini, ka faɗa mini wane gefen dunduniyar tsohon kambas ɗin ne ya cinye, da kuma ko gwiwar wajen hawa bene take ciwo ko wajen sauka.